Sandar Sinuka ta Gwanjo

Babbar kasuwar Maraɗi, rumfar wani tsohon dillali.

ƊAN GAYE: Baba, an ce kana da sandunan sinuka, wasan nan na buga ƙwallaye cikin rami bisa tebur.

DILLALI: Uku suka rage, ɗana. Ga uwarsu nan, mai gaɓa biyu. Ka murɗe ta a tsakiya ta rabu, ka jefa a jaka ka hau kabu-kabu. Jika goma sha biyu.

ƊAN GAYE: Sha biyu! Sabuwa ce?

DILLALI: Ta taɓa zama sabuwa.

(Ɗan gaye ya kwantar da ita bisa tebur ya mirgina. Bakinta na ɗagawa yana sauka kamar kan ƙadangare.)

ƊAN GAYE: Baba, ai a karkace take!

DILLALI: Teburin ne.

ƊAN GAYE: To mu gwada bisa siminti.

DILLALI: Bari wahalar da kanka. Ta ɗan lanƙwasa, mai ita ya jingine ta a bango tun bazara har hunturu. Katako ne, ba ƙarfe ba. Amma kai da bugunka bai taɓa tafiya miƙe ba, karkatarta za ta gyara taka.

ƊAN GAYE: Fatar bakin ma ta cinye.

DILLALI: Sulɓi ta yi. Ka goga mata shuɗin alli. In ta ƙi, baduku ya liƙa wata, dala ɗari.

ƊAN GAYE: Jika huɗu.

DILLALI: Albarka.

ƊAN GAYE: Shida. Amma zan ci wasa da ita ko?

DILLALI: Na sallama. Sai dai ka ji da kunnenka, maƙwabta ku shaida: sanda na sayar, ban haɗa da hannu ba.

(Washegari, tun kafin a share gaban rumfa.)

ƊAN GAYE: Baba, ka kashe ni! Jiya a fadarmu ta samari ni na biya shayi da gyaɗar kowa. Bugu na biyu, baƙar ƙwallo mai lamba 8 ta faɗa rami, aka ce an cinye ni.

DILLALI: Ta faɗa rami?

ƊAN GAYE: Ta faɗa!

DILLALI: Alhamdu lillahi, sanda na aiki.

ƊAN GAYE: Karɓi abarka, ba ni kuɗina.

DILLALI: Nan ba a mayarwa, sai dai in saya. (Ya rufe ido ɗaya, ya auna ta.) Jika biyu.

ƊAN GAYE: Biyu? Jiya shida na ba ka!

DILLALI: Haba ɗana, ka ji tsoron Allah. Wa zai ba ka jika shida a karkatacciyar sanda?