Masu tafiya aikin jinya Ingila, ku koyi yadda Bature ke faɗin ciwonsa

'Yan'uwa ma'aikatan lafiya da ke shirin tafiya Ingila, da ku nake yau. Na san ana fama da jarrabawar Turanci ta IELTS da OET, tunda NMC, hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Birtaniya, ba ta yi wa nas rajista sai ta ga shaidar Turanci, a IELTS ma maki 7 take nema a sauraro da karatu da magana. Allah ya ba da sa'a. Amma cin jarrabawa daban, gane kukan tsohuwa 'yar shekara 80 a kan gadon asibiti daban.

Ɗan Ingila mutum ne mai rage ciwo da baki. Idan ya ce yana "under the weather" ko "off colour", kasala ce da rashin jin daɗin jiki, wannan duk wanda ya yi sakandare ya sani. Inda gizo ke saƙar shi ne kalmomin da muke ganin mun riga mun sani. A nan gida idan mutum ya ce "I've been sick", mun ɗauka rashin lafiya yake nufi. A can amai ya yi. Ku duba girman wannan. Yaro ya faɗi ya bugu a ka, uwarsa ta ce ya yi "sick" sau biyu, nas ta ɗauka cewa take ba ya jin daɗi, ta wuce. Alhali amai bayan bugun kai alama ce da likita ke son ya ji nan take. Haka "poorly": a cikin gidajensu can mura ma ta isa a ce haka, amma idan ma'aikacin asibiti ya gaya wa dangi cewa majinyaci "very poorly" ne, jiki ya yi tsanani ƙwarai, ana iya rasa shi.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce "funny turn". Babu abin dariya a cikinta ko kaɗan. Dattijo zai ce ya ɗan samu hakan da safe amma ya wuce. Wata sa'a jiri ne kawai. Wata sa'a kuwa jini ne ya ɗan katse wa ƙwaƙwalwa na 'yan mintoci, baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe, sannan komai ya koma daidai. Wannan gargaɗi ne na shanyewar ɓarin jiki, kuma kwanakin farko su ne mafi hatsari.

Mu Hausawa bai kamata wannan hali ya zame mana baƙo ba. Mun taso muna jin majinyaci yana nishi da ƙyar, a ce masa "ya jiki?" ya ce "da sauƙi, alhamdulillahi". Duk nas ɗin da ta yi aiki a Kano ko Sakkwato ta san ba a tsayawa a wannan amsa, sai an sake tambaya, a tambayi mai jinyarsa, a duba ido da numfashi.

Shi ya sa nake roƙon malaman makarantun jinya da masu koyar da darasin jarrabawar nan: ku rage lokacin da ake ɓatawa wajen haddace karin maganar ado don rubuta insha'i, ku ware darasi guda kan maganganun majinyata. Ke kuma 'yar'uwa, idan kin isa can kika ji kalmar da ba ki tabbatar ba, kada kunya ta hana ki cewa a yi miki bayani. Tambayi yaushe abin ya fara, minti nawa ya ɗauka, wane ɓangaren jiki ya taɓa, ki rubuta, ki sanar da likita.