Alhaji da Jauro a Gindin Dutsen Kamaru

(Bakin teku a Limbe. Alhaji ya taho da iyalinsa tun daga Garwa, har da Jauro mai yi masa kiwo. Sun ɗauki ɗan jagora, ba a gama cinikin ladansa ba tukuna.)

ALHAJI: Kai yaro, wa ya zubar da gawayi a bakin ruwa haka?

JAGORA: Yashi ne, ranka ya daɗe. Dutsen can ne ke aman wuta, abin da ya amayar ya daskare, teku ta niƙe shi.

ALHAJI: Aman me?

JAGORA: Wuta. A 1999 ma sai da narkakken dutse ya gangaro ya tare hanyar mota wajen Bakingili.

ALHAJI: Hajiya, kin ji ko? Na biya jirgin ƙasa daga Ngaundare har Yawunde, na biya mota har Duwala, ashe gindin murhu kika kawo ni.

HAJIYA: Haba Alhaji, shekara ashirin kana cewa baɗi. Bar yara su ga teku.

JAURO: (ya kurɓi ruwan, ya tofar) Aradu an cuce mu! Ruwa har inda ido ya ƙare, amma nagge ɗaya ba za ta sha ba.

ALHAJI: Gishiri ne? Ɗebo a jarka, Hajiya ta huta da saye.

YARO: Baba, mu je gidan namun daji mu ga goggon biri.

ALHAJI: Kyauta ne?

JAGORA: Ana biyan kuɗin shiga. Birai ne da aka ƙwato daga hannun mafarauta da masu fataucinsu.

ALHAJI: Biri ya cinye mini masara a gona ban karɓi ko sisi ba, yau kuma ni zan biya in gaishe shi?

HAJIYA: To lambun itatuwa fa? An ce tun 1892 Jamusawa suka dasa shi.

ALHAJI: Bishiya dai bishiya ce. Ga kuka can a ƙofar gidanmu, ta girmi Jamusawan.

JAURO: Wannan tudun fa, ina kansa? Tun safe yake lulluɓe kamar amarya.

JAGORA: Hazo ne. Tsawonsa ya haura mita 4,000, duk yankin nan na Afirka babu kamarsa. Kowace shekara ana tseren hawansa daga garin Buya, a je ƙoli a dawo.

ALHAJI: Me ake sayarwa a saman?

JAGORA: Babu komai sai sanyi.

ALHAJI: To wa ya biyo su?

JAGORA: Ba kowa. Gwanaye kan dawo kafin awa biyar, wanda ya zo na ɗaya kuwa miliyoyin sefa ake ba shi.

ALHAJI: (ya gyara hula) Miliyoyin me?

HAJIYA: Alhaji, kai da benen gidanka ma sai ka huta sau biyu.

ALHAJI: Wa ya ce ni? Jauro, ranar da bijimin nan ya ɓalle, ba a ƙafa ka kamo shi ba?

JAURO: Ai bijimi na gani a gabana. Nan kuwa me zan bi?

ALHAJI: Zan sa a kai maka saniya can sama. In ka ci, kashi tara nawa, ɗaya naka.

JAURO: Saniyar fa?

ALHAJI: Aro ce. Yaro, nawa ne gasasshen kifin can? Kawo ɗaya, na ɗan tsere ne. Sauran ku sha iskar teku.