Akwai farfaɗiyar da ke farawa ta ido

Wani labari da aka yi kan farfaɗiya ya tsaya ga wadda ke kayar da mutum yana kumfar baki, alhali akwai wadda ke farawa ta ido, kuma takan rikita iyaye a nan Maradi. Yaro, galibi mai shekara 8 ko kusa da haka, sai ya ce yana ganin ƙananan zobba masu launi kala-kala suna yawo a gefen idonsa, ko gani ya ɗauke masa ɗif na ƴan daƙiƙu zuwa minti biyu ko uku. Daga baya ciwon kai ya biyo, wani lokaci har da amai. Nan take sai a ce gamo ya yi, wasu kuma su kai shi awon tabarau. Idon lafiya lau yake, matsalar tana ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, inda ake sarrafa gani.

Hatta ma'aikatan lafiya sukan ɗauka ciwon ɓarin kai ne, amma shi ciwon ɓarin kai, zanen da mai shi ke gani a ido galibi baƙi da fari ne, kuma ya fi daɗewa. Dabara mai sauƙi: a ba yaron fensir masu launi ya zana abin da yake gani, a tafi wa likita da takardar, shi zai nemi awon EEG, wato awon aikin ƙwaƙwalwa da na'ura.

Maganin da aka fi bayarwa carbamazepine ne, kuma yara da yawa abin yakan bar su bayan ƴan shekaru. Sai dai don Allah, iyaye, kada a yanke shan magani rana tsaka don an ga sauƙi, hakan na iya jawo farfaɗiya mai tsanani. Likita ne ke ragewa a hankali.