Mai kaza a aljihu

Akwai wani bawan Allah da tun da ƙungiyar ƙwallon nan ta gangaro ƙasan teburi bakinsa bai san wata magana ba sai "a kori koci". Da safe a Facebook, da la'asar a majalisa, dare ya yi ya buga waya gidan rediyo. Ba mu kama suna ba. Wanda ya tsargu, to da shi ake.

Ranka ya daɗe, tunda kai ne masani, zauna mu yi lissafi. Firimiyar Najeriya ƙungiya 20 ce, wasa 38, 19 a gida 19 a waje, huɗun ƙarshe su faɗi. A gasar nan gida ake tara maki, waje kuwa canjaras ma riba ce. To ka taɓa tambayar yadda yaran nan suke zuwa wasan waje? Wasa ran Lahadi a Uyo ko Aba ko Fatakwal, kuɗin tafiya ba ya fitowa sai daren Alhamis, mota ta tashi Juma'a, a kwana a hanya, a isa Asabar da dare ƙafa a kumbure. Babu atisaye a filin da za a buga, babu hutun kirki. Shi ya sa suke riƙe wasa har minti 65 ko 70, daga nan ƙafa ta mutu, tsakiya ta buɗe, a zura musu biyu a jere. In kuma da wasan Laraba, suna sauka daga mota sai fili. Wane tsari koci zai zana a allo ya maganta wannan? Ga alawus ɗin cin wasa da ake bin bashi, ga kuɗin sa hannu da har yau rabi aka bayar.

Sai maganar rajista, wadda ita ce ba ka son a taɓo. Kafin a fara kaka koci ya nemi abu biyu: lamba shida mai kwace ƙwallo ya tsaya gaban 'yan baya, da ɗan baya na tsakiya mai tsawo. Da takarda ta dawo daga ofis sai ga 'yan gefe har sun yi yawa, lamba shida babu ko ɗaya. Dole aka jawo lamba takwas baya, shi kuwa jininsa na gaba ne, da an ɗauki ƙwallo ya tafi ya bar wurin wayam. Su wa suka kawo 'yan gefen nan? Yaran wa ke zaune a benci suna karɓar albashi, wani na karɓar kashi goma a kansu? Mu dai tambaya muka yi.

Ba wai koci ba shi da laifi ba. Yana da shi, kuma ga shi a fili. A bugun kwana ba a san ko mutum ake riƙewa ko wuri ake tsarewa ba: uku sun bi mutum, sauran sun tsaya, tirken kusa babu kowa, can ake cin su da ka. 'Yan bayan gefe biyu suna hawa lokaci guda, alhali ɗaya ya kamata ya hau ɗaya ya tsaya, musamman da babu lamba shida. Doka ta ba shi canji biyar a tashi uku, amma sai minti 80 yake waiwayar benci, lokacin da aikin gama ya gama. Waɗannan gyaran mako biyu ne a filin atisaye. Abin mamaki, duk cikin surutunka ba ka taɓa ambatar ko ɗaya ba, don ba wasan kake kallo ba, kujerar kake kallo.

Kano Pillars ta ɗauki kofin gasar nan a 2008, 2012, 2013 da 2014, amma a 2022 ta faɗi tare da Katsina United da Heartland da MFM. A waccan kakar ta buga yawancin wasannin gidanta a Kaduna da Abuja, kuma an zaftare mata maki saboda rigingimun da ba koci ne ya haddasa su ba. Ko wa aka ɗora a benci, makin da aka cire ba ya dawowa. Manchester United da kuke kwana a gidan kallo dominta, tun tafiyar Ferguson a 2013 take sauya masu horarwa, daga Moyes har Amorim, kuma a 2025 ta 15 ta ƙare.

Korar ma ba kyauta ba ce. Sai an biya shi ragowar kwantiraginsa, daga asusun da ya kasa biyan alawus. Sabon zai zo da mataimakansa, ya ce 'yan wasan nan ba nasa ba ne, rajista kuma a rufe take sai tsakiyar kaka. Kafin ya san wa ke bugawa da hagu wa ke bugawa da dama, wasa huɗu ko biyar sun wuce, maki 12 zuwa 15 ke nan a kan faifai.

Kuma Alhaji, ambulan ɗin nan da aka kai gidan shugaban ƙungiya da daddare, an san sunan sabon kocin da ke ciki, an san kuma yadda kuke da shi. A fara nuna mana lasisinsa na CAF, hukumar ƙwallon Afirka, tukuna. Ran Lahadi da wasa ƙarfe huɗu, ka zo ka yanki tikiti da kuɗinka kamar kowa, ka tsaya har a tashi, ka ƙirga mana sau nawa aka bar tirken kusa babu mutum.