Lauyan da ya bar shari'a ya bi sawun addinin Aztek

Tun da na zauna a birnin Meziko nake lura da yadda mutanen ƙasar, waɗanda akasarinsu 'yan Katolika ne, suke girmama malaman da suka ƙarar da rayuwarsu wajen nazarin addinin kakanninsu na kafin faɗuwar Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a hannun Sifaniyawa a 1521. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Alfredo López Austin, wanda aka haifa a Ciudad Juárez a 1936, ya karanta shari'a, sannan ya ajiye aikin lauya ya koma jami'ar ƙasa ta Meziko (UNAM), inda ya duƙufa a kan harshen Aztek, wato Nahuatl, da tarihi har rasuwarsa a 2021.

A littafin da ya wallafa a 1980 game da jikin ɗan Adam, ya bayyana cewa Aztek sun ɗauka rai kashi uku ne: tonalli a ka, teyolia a zuciya, ihiyotl kuma a hanta. Tonalli yana iya barin jiki idan mutum ya firgita, sai ya kwanta ciwo har a nemo masa shi. Ranar da na fara karanta wannan, kakata ce ta faɗo mini a rai, domin ita ma idan yaro ya razana yana surutai cikin zazzaɓi, kurwarsa take fara tambaya, ko maye ya kama ta.

A Meziko babu wanda ya zargi López Austin da bautar gumaka, ɗansa Leonardo López Luján ma shi ke jagorantar haƙar kufan Templo Mayor, babban ɗakin bautar Aztek. A wajenmu Hausawa kuwa, ɗalibin da ya ce zai nazarci Maguzanci ko bori sai an fara duban imaninsa kafin a dubi aikinsa, kuma a ganina wannan tsoro ya taimaka wajen barin fagen ga baƙi irin su Tremearne a 1914 da Greenberg a 1946, waɗanda har yau ake dogaro da rubutunsu. Na yarda cewa yanayin ya bambanta, tunda Musulunci bai shigo ƙasar Hausa a jirgin mamaya ba, amma sanin abin da Barbushe, shugaban bautar gargajiya a dutsen Dala, ya yi a bautar gunkin Tsumburbura bai taɓa rage wa kowa salla ba. Duk lokacin da na ga malamai sun jero 'yan firamare a gaban sassaƙaƙƙen dutsen Coyolxauhqui, wata abar bautar Aztek, wanda ma'aikatan lantarki suka ci karo da shi a 1978, sai in tuna cewa na girma a gindin Dala, amma sai a jami'a na fara jin sunan Barbushe.