Ta warke daga ciwon daji, amma wa ke duba zuciyarta?

Jiya na raka 'yar yayata ɗaukar hoton zuciya, wanda a asibiti ake kira eko. Shekararta 19. Tana da shekara 4 aka cire mata ƙoda ɗaya saboda ciwon dajin da ake kira Wilms, sannan aka yi wata da watanni ana yi mata ƙarin ruwan magani. Har gobe ina tuna wani jan ruwa, doxorubicin, da ya riƙa mayar da fitsarinta ja, uwarta na kuka tana cewa jini ne.

Maganin nan ya ceci ranta, Alhamdulillah. Amma yana iya raunana naman zuciya a ɓoye, sai bayan shekara 10 ko 20 abin ya bayyana. Ranar da aka sallame mu, ba wanda ya faɗa mana haka. Muka yi sadaka, muka jefa katin asibiti cikin akwati.

An shafa mata wani mai mai sanyi a ƙirji, aka ɗora na'urar, sai ga zuciyarta a allo tana buɗewa tana rufewa. Ba allura, ba zafi. Likita ya ce ƙarfin bugun ya ɗan ragu, ya sa ta a kan magani. Ga shi ana maganar aurenta, alhali juna biyu na ɗora wa zuciya nauyi sosai.

Ba zuciya kaɗai ba ce. Yarinyar da aka yi wa gashi a ƙirji, wato aka ƙona ciwon daji da hasken na'ura, tana bukatar hoton mama duk shekara daga shekara 25, ko bayan shekara 8 da gashin, duk wanda ya zo daga baya. Yaran da suka daɗe a kan steroid, wani magani da ake haɗawa da na wasu cututtukan daji, kan ƙashin cinyarsu na iya mutuwa, kuma na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI na gano hakan tun kafin hoton ƙashi na yau da kullum ya nuna komai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 na yara masu ciwon daji na rayuwa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai 30 ba. To 'yan kaɗan ɗin da Allah Ya tserar mana, sai mu bari zuciya ta kayar da su?

Likitoci, don Allah ku riƙa ba iyaye takarda ɗaya mai sunan magani, da yawansa, da wurin da aka gasa. Kwana uku muka yi muna neman namu tsohon katin, a ƙarƙashin zannuwan uwarta muka same shi, tawadar ta kusa gogewa.