Ƙiba ko ƙwarin jiki: wanne ya kamata ya fi damun mu a Zango?

A unguwanninmu na Akra, daga Nima da Mamobi har Madina da Sabon Zango, da ido ake auna lafiyar mutum. Idan amarya ta yi ƙiba bayan 'yan watanni, sai a ce hankalinta ya kwanta, miji yana riƙe ta da kyau. Idan magidanci ya ajiye tumbi, a ce buɗi ya samu. Wanda kuwa ya rame, sai a shiga raɗe-raɗin ciwon da yake ɓoyewa. Yanzu kuma wani ra'ayin ya shigo ta wayar hannu yana cewa siranta ita ce lafiya, har wasu 'yan mata suna zuba kuɗi a shayin rage ƙiba, a daidai lokacin da wasu ke haɗiyar ƙwayoyin buɗe ciki domin su cika. A ganina duka ɓangarorin biyu sun riƙe shaidar da ba ta isa yanke hukunci ba. Abin da ya fi nuna inda lafiyar mutum ta dosa shi ne ƙwarin jikinsa, wato yadda zuciyarsa da huhunsa ke ɗaukar aiki idan ya yi tafiya da sauri ko ya hau tudu.

Wannan magana tana da tushe mai tsawo. A 1953 wani likita a Ingila mai suna Jeremy Morris ya kwatanta direbobin manyan motocin haya masu hawa biyu na birnin Landan da kwandastocinsu. Direba yana zaune kusan yini guda, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a kan ɗaruruwan matakala yana karɓar kuɗi, kuma bugun zuciya ya fi kama direbobin sosai. Da aka ce wataƙila direbobin ne dama suka fi ƙiba, sai aka koma ga awon wandunan da ake ɗinka wa ma'aikatan, aka tarar lallai ƙugun direbobi ya fi faɗi, amma ko an haɗa masu ƙugu iri ɗaya, kwandastan ne ya fi tsira. Duk wanda ya taɓa shiga trotro, wato ƙaramar motar haya, daga Nima zuwa Circle ya san bambancin yinin direba da na yaron motarsa, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Daga baya Steven Blair da abokan aikinsa a birnin Dallas na Amurka suka auna ƙwarin jikin mutum fiye da 13,000 a kan na'urar gudu, suka bi diddiginsu kimanin shekara 8. Sakamakon da suka fitar a 1989 ya nuna cewa mace-mace a cikin rukunin da ya fi rauni ta ninka ta rukunin da ya fi ƙwari fiye da sau uku. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan aiki shi ne riba mafi girma tana wurin wanda ya tashi daga zama kawai zuwa motsi matsakaici, ba lallai sai ya zama ɗan wasan tsere ba. A 2014 kuma aka tattara bincike goma wuri guda, aka ga cewa marar ƙwarin jiki yana da haɗarin mutuwa kusan ninki biyu ko siriri ne ko mai ƙiba, alhali mai ƙibar da ke da ƙwari ya yi kusa da siririn da ke da ƙwari.

Shi kansa ma'aunin ƙiba da asibitoci ke amfani da shi, wanda ake raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa, a ce idan sakamakon ya kai 25 nauyi ya wuce kima, idan ya kai 30 kuma ƙiba ce, asalinsa lissafin wani masanin ƙididdiga ne ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, a ƙarni na 19. Yana da amfani wajen duba al'umma gaba ɗaya, amma ba ya bambanta tsoka da kitse, kuma ba ya faɗin inda kitsen ya taru. Kitsen da ke cikin tumbi, kewaye da hanta da hanji, shi ne ya fi alaƙa da ciwon suga da hawan jini. Saboda haka igiyar awon tela ta fi sikeli faɗin gaskiya a nan: ƙugun mutum ya kasance bai kai rabin tsawonsa ba.

Sai dai ba zan yarda a ɗauki wannan magana a mayar da ita izinin zama da ƙiba ba. Wani babban bincike da aka yi a Sifen a kan ma'aikata fiye da rabin miliyan, wanda ya fito a 2021, ya nuna cewa mai ƙiba ko da yana motsa jiki ya fi siriri haɗarin hawan jini da ciwon suga, duk da cewa motsin yana rage haɗarin ga kowa. Gwiwoyi ma ba sa yafe nauyi, kuma iyayenmu mata da suka koma yin salla a kan kujera tun ba su tsufa ba shaida ne. Lamarin kuma ya yi yawa a ƙasar nan, domin binciken lafiyar al'umma na Gana na 2014 ya samu kashi 40 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne na rigakafin ciwon suga da aka fitar a Amurka a 2002, inda masu dab da kamuwa suka sa burin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsin minti 150 a mako, kamuwar ta ragu da kashi 58 cikin ɗari. Mai kilo 90 kilo shida da 'yan kai kawai ake nema daga gare shi.

Dalilin da ya sa duk da haka nake fifita ƙwarin jiki shi ne yana hannun mutum fiye da nauyi. Mutane da yawa da suka rage ƙiba ta hanyar matse ciki tana dawo musu, sai su karaya su watsar da komai, har da tafiyar da take amfanar su ko sikeli bai motsa ba. Shi kuma siririn da ke zaune a shago daga safe zuwa isha'i, yana hawa okada ko zuwa bakin titi ne, yana shan kokon da aka cika wa suga da lemun kwalba, yana ganin shi ba ya cikin lissafi, kuma sau da yawa sai shanyewar ɓarin jiki ta kai shi asibitin Korle Bu ake gane jininsa ya daɗe da hawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Rabin sa'a na tafiyar da ke sa numfashi ya ɗaga, kwana biyar a mako, ta cika mafi ƙarancin wannan. Masu hawa tudun Aburi daga Ayi Mensah a safiyar Asabar suna yin abu mai kyau, amma mai sayar da waake da ke tashi tun kafin asuba ba ta da wannan sarari, kuma lungunanmu masu ƙunci da kwatoci a buɗe ba su dace da tafiya ba. A nan ne nake ganin sarakunan Zango da limamai da ƙungiyoyin mata suna da aiki: a buɗe filayen makarantu bayan asuba, a ware wa mata lokacinsu domin su fito cikin sutura da natsuwa ba tare da an bi su da ido ko gori ba, a kuma riƙa gayyato ma'aikatan jinya su auna jini da suga da ƙugu a harabar masallaci bayan sallar Juma'a, masu ƙiba da sirara a layi ɗaya.